Kafin a Goge Kwamfuta, a Fara Ganin Abin da Ke Canzawa a Cikinta

A Damagaram, idan kwamfuta ta fara nauyi, ko ta fara buɗe abin da ba a sa ta ba, ko kuma ta mayar da takardun mutane rakursi, wato ƴan alamomin da ke nuna hanyar zuwa fayil ba fayil ɗin kansa ba, maganin da aka fi sani shi ne a goge ta gaba ɗaya a sake zuba mata Windows. Masu gyara suna kiran wannan aiki formate, kuma ba na musun cewa yana biyan buƙata, domin na'urar takan dawo garau na ɗan lokaci. Abin da ke damuna shi ne ana gogewa ba tare da an san abin da ya shiga ba, balle ƙofar da ya bi, shi ya sa bayan ƴan makonni ciwon yake dawowa, a sake biyan kuɗin gyara, a kuma yi asarar wasu takardun da aka manta ba a kwafe ba. A shagon buga takardu da nake kula da na'urorinsa, kilen USB na mutane daban-daban suna shiga suna fita tun safe har dare, musamman lokacin da ɗaliban Jami'ar André Salifou ke kammala memwar, wato kundin binciken ƙarshen karatu. Na'urar da ke irin wannan aiki ba za a iya goge ta kowane wata ba, don haka na koma ga wata ƴar ƙaramar manhaja da ke nuna mini, a daidai lokacin da abin ke faruwa, fayil ɗin da aka ƙirƙira, ko aka sauya, ko aka goge a cikin foldojin tsarin.

Sunanta FolderChangesView, kuma tana cikin tarin ƙananan manhajojin kyauta da Nir Sofer yake wallafawa a shafinsa na NirSoft. Girmanta bai kai megabait ɗaya ba, saboda haka saukar da ita ba ya cin kuɗin intanet da za a ji a aljihu. Ba a girka ta a cikin na'ura; ana warware ta daga fayil ɗin zip, a ajiye ta inda aka ga dama, a danna ta ta tashi. Tana aiki tun daga tsofaffin Windows irin su XP har zuwa na 11, wanda ba ƙaramin amfani ba ne a garin da kwamfutocin hannu suka yi yawa. Da zarar ta buɗe, takan tambayi foldar da ake so a sanya wa ido, da kuma ko za a haɗa da ƙananan foldojin da ke ƙarƙashinta. Daga nan sai ta fara jero duk fayil ɗin da aka taɓa, kowanne a layinsa, da sunansa, da cikakkiyar hanyar inda yake, da adadin lokutan da aka ƙirƙire shi ko aka sauya shi ko aka goge shi, da kuma sa'ar da hakan ya fara faruwa da sa'ar da ya faru a ƙarshe. Ana iya adana jerin a matsayin rubutu ko fayil ɗin CSV, a buɗe shi a Excel daga baya.

Ya kamata a fahimci yadda take samun wannan labari, domin ƙarfinta da rauninta duk daga nan suka fito. Manhajar ba ta zagayawa tana duba fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Windows da kansa ya tanadar wa masu tsara manhaja wata hanya mai suna ReadDirectoryChangesW, wadda ta cikinta kowace manhaja za ta iya neman a riƙa sanar da ita duk lokacin da wani abu ya motsa a wata folda. Sanarwar iri biyar ce kawai: an ƙara fayil, an cire fayil, an sauya fayil, ga tsohon sunan fayil ɗin da aka canza wa suna, ga kuma sabon sunansa. Wannan ne ya sa ba ta sa na'ura nauyi, tun da zaune take tana jiran saƙo. Sai dai saƙon ba ya ɗauke da sunan manhajar da ta yi aikin, kuma ba ya faɗin abin da aka sauya a cikin fayil ɗin. Ta yi kama da mai gadin sito da ke rubuta kowane buhun da ya shiga da wanda ya fita, amma bai taɓa ɗaga kai ya ga fuskar wanda ya ɗauko shi ba. Masu amfani da Linux suna da kwatankwacin wannan hanya, wato inotify, da aka sanya a cikin tsarin tun 2005.

Wanda ya gwada ta a karon farko, ya nuna mata C:\Windows gaba ɗaya, yakan tsorata cikin ƴan mintoci, domin layuka za su yi ta sauka ko da bai taɓa linzami ba. Lafiyayyen Windows ba ya zama shiru. A cikin System32\winevt\Logs akwai fayiloli masu ƙarewa da evtx, waɗanda su ne kundin da tsarin yake rubuta abin da ke faruwa da shi, kuma ba sa daina sauyawa. A cikin System32\config akwai fayilolin rajista, wato ma'ajiyar da Windows ke adana saite-saitensa, irin su SYSTEM da SOFTWARE tare da ƙananan fayilolin da ke raka su. SoftwareDistribution takan cika ta kuma ragu duk lokacin da na'ura ke neman sabuntawa, Temp kuwa dama an yi ta ne don abin da ba zai daɗe ba. A wurin aiki irin namu akwai ƙarin hayaniya guda, domin duk takardar da aka tura wa firinta takan fara sauka a System32\spool\PRINTERS a matsayin fayiloli biyu, ɗaya SPL ɗaya SHD, su ɓace bayan an gama bugawa. Wani matashi da ke koyon aiki a wurinmu ya taɓa kira na da sauri, ya ce, "Malam, na kama ƙwayar cutar, tana fitowa tana ɓuya a cikin System32." Na ce masa, "Ƙanena, tura shafi ɗaya ga firinta ka sake dubawa." Haka ma Word, idan ana adana takarda, ba ya rubutawa kai tsaye a kan tsohon fayil, yakan ƙirƙiri na wucin gadi mai ƙarewa da tmp, ya yi canjin suna, ya goge abin da ya rage, sannan muddin takardar na buɗe akwai wani ɓoyayyen ƙaramin fayil da sunansa ke farawa da alamar ~$. Dannawa ɗaya ta adanawa takan haifar da layuka da dama.

Saboda haka aikin farko shi ne mutum ya san halin na'urarsa tana lafiya. Ina ba da shawarar a kunna manhajar a kan na'urar da aka tabbatar da tsabtarta, a bar ta na ɗan lokaci ana aikin yau da kullum, a adana jerin da ta fitar, sannan a shigar da waɗannan wurare masu hayaniya cikin jerin foldojin da za ta riƙa tsallakewa. Wanda bai yi wannan ba, duk abin da ya gani zai zama abin zargi a wurinsa, kuma daga ƙarshe zai gaji ya daina dubawa.

Wuraren da suka cancanci a sanya musu ido sosai ba su da yawa, kuma abin da ya haɗa su shi ne ba su saba motsi ba. Na farko a wurina ita ce foldar Startup, wadda duk abin da aka ajiye a cikinta yake tashi da kansa idan mai na'ura ya shiga. Tana can ƙasa a cikin AppData\Roaming\Microsoft\Windows\Start Menu\Programs, amma hanya mafi sauƙi ita ce a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta shell:startup. Akwai kuma ta dukkan masu amfani da na'urar, wadda ake buɗewa da shell:common startup. Sai System32\Tasks, inda kowane aikin da aka tsara wa na'ura ta riƙa yi a wani lokaci yake da fayil ɗinsa. Fayilolin wannan folda ba su da wutsiyar suna irin su exe ko tmp, amma rubutun XML ne da ake iya buɗewa a Notepad a karanta sunan manhajar da aikin zai tayar, kuma manhajojin ɓarna suna son wurin domin mutane ƙalilan ne suke leƙa shi. Sai System32\drivers, mazaunin fayilolin sys da ke aiki a can cikin zuciyar tsarin, tare da ƙaramar foldarta etc, inda fayil ɗin hosts yake. Wannan fayil rubutu ne kawai, amma layi ɗaya a cikinsa ya isa ya karkatar da sunan wani shafin intanet zuwa wata na'ura dabam, ko ya hana manhajar riga-kafi isa ga gidanta don sabuntawa. A na'urar da ba a taɓa komai ba, hosts yakan shekara bai sauya ba.

Akwai kuma AppData da ProgramData, waɗanda ba su cikin C:\Windows amma na fi samun abin mamaki a cikinsu. Dalilin a bayyane yake: rubutu a System32 yana buƙatar izinin mai gudanar da na'ura, alhali AppData kowace manhaja da mai amfani ya tayar tana iya rubutu a cikinta ba tare da an tambaye shi ba. Wuraren nan suna da hayaniya ƙwarai saboda manhajojin shiga intanet, don haka a nan nakan taƙaita kallon ga ƴan nau'o'in fayil kaɗan, wato exe, dll, vbs, js, bat, cmd, scr da lnk. Prefetch ma, duk da cewa tana cikin masu motsi, tana da amfani na musamman, domin galibi idan wata manhaja ta tashi Windows yakan ajiye mata fayil mai ƙarewa da pf wanda ke ɗauke da sunanta. Sabon fayil ɗin pf mai sunan da ban sani ba yana nufin wani abu ya tashi ya yi aiki, ko da ban ga tagarsa ba.

Wani ɗan abin lura ga masu na'urorin da Windows ɗinsu na Faransanci ne, kamar yawancin na ofisoshinmu: abin da ido ke gani a matsayin Utilisateurs ko Démarrage, sunansa na ainihi a kan faifai Users ne da Startup, kuma da sunan ainihin ne manhajar ke nuna hanya.

Yadda nake aiki da ita shi ne in yi abu ɗaya tak a lokaci guda. Nakan share jerin, in kunna kallo, in yi aikin da nake zargi, in dakata kaɗan, sannan in tsayar da kallon in karanta. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne cutar rakursi. Idan na'ura ce ake zargi, sai a sa mata kile mai tsabta wanda ke ɗauke da ƴan foldojin gwaji, a nuna wa manhajar harafin kilen. Na'urar da ta kamu takan tona kanta cikin ƴan daƙiƙu: za a ga an ƙirƙiri wani fayil, sau da yawa mai ƙarewa da vbs ko js, a ga an taɓa foldojin asali domin an ɓoye su, sannan fayilolin lnk, wato rakursi, masu ɗauke da sunayen foldojin su bayyana. Idan kuma kilen baƙo ake zargi, ba sai an kai ga gwaji ba, domin duba bayanan rakursin ya isa ya nuna cewa maimakon folda, cmd.exe ko wscript.exe yake kira. Dabarar cutar ita ce idan an danna rakursin, sai ya tayar da ɓoyayyen rubutun, sannan ya buɗe foldar gaskiya don kada a yi zargi. Rubutun kuma ya kwafi kansa zuwa AppData ko Temp, ya yi wa kansa wurin tashi a Startup ko a rajista. Takardun mai kile suna nan ba su ɓata ba, kuma umarnin attrib tare da -h -s -r /s /d yana fito da su. Na sha ganin an goge kile mai ɗauke da aikin watanni saboda rashin sanin wannan.

A da, sanya kile kawai ya isa cuta ta tashi ta hanyar fayil ɗin autorun.inf, wanda yana cikin hanyoyin da cutar Conficker ta bi ta yaɗu bayan ɓullarta a 2008. Microsoft ya rufe wannan ƙofa ga kilen USB a Windows 7, ya kuma tura gyaran ga XP da Vista ta hanyar sabuntawa a 2011. Cutar Stuxnet ta yi amfani da wani rauni a fayilolin lnk da ke sa cuta tashi da zarar an buɗe foldar, amma an toshe shi a watan Agustan 2010. A na'urar da ta samu waɗannan gyare-gyare, dannawar mutum ce ke tayar da cutar rakursi.

Wuri na biyu da manhajar ke yi mini amfani shi ne lokacin girka sabuwar manhaja, musamman irin waɗanda ake yawo da su a kile an fasa musu makulli. Ban ga amfanin yin wa'azi a kan wannan ba, kowa ya san tsadar lasisi idan an juya shi zuwa sefa. Amma wanda ya kunna kallo kafin ya girka irin wannan manhaja zai ga da idonsa cewa sau da yawa ba ta tsayawa a Program Files. Takan ƙara layuka a hosts, ta ajiye aiki a Tasks, wani lokaci ta bar wani exe a ProgramData wanda sunansa ba shi da alaƙa da ita. Ba kowanne daga cikin waɗannan ne cuta ba, amma mai na'ura ya ba da cikakken izini ga abin da bai san marubucinsa ba, kuma a ganina bai dace a yi haka a kan na'urar da takardun jama'a ke bi ta cikinta ba.

Inda aikin FolderChangesView ya ƙare, na Process Monitor ke farawa. Wannan manhaja ta kamfanin Sysinternals ce, wanda Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka kafa a 1996, Microsoft kuma ya saye shi a 2006. Ita tana faɗin manhajar da ta yi kowane rubutu, tana kuma ganin abin da ake yi a rajista. Matsalarta ita ce yawan bayani, domin cikin ƴan mintoci takan tara dubban ɗaruruwan layuka, ta cinye ƙwaƙwalwar tsohuwar na'ura. Shi ya sa nake fara gano hanyar fayil ɗin da ƙaramar manhajar, sannan in ba Process Monitor wannan hanyar a matsayin abin tacewa, ta nuna mini rubutun da aka yi a wurin kawai. Batun rajista ma yana da muhimmanci, domin mai kallon folda zai ga cewa fayil ɗin rajista ya motsa, amma ba zai san an ƙara wani abu a sashen rajista mai suna Run, inda ake jera manhajojin da ke tashi da kansu, ba. Autoruns, ita ma ta Sysinternals, tana jero duk abin da ke tashi tare da na'ura a wuri guda.

Akwai wasu iyakokin FolderChangesView da ya kamata a sani. Sanarwar Windows tana taruwa ne a wata ƙaramar ma'ajiya, kuma idan canje-canje suka yi yawa har ta cika kafin a kwashe, tsarin yakan zubar da duk abin da ke cikinta. Wannan wani dalili ne na taƙaita kallo ga ƴan foldoji maimakon faifai gaba ɗaya. Manhajar ba ta ganin abin da ya faru kafin a kunna ta, kuma idan wuta ta ɗauke a na'urar tebur da ba ta da batirin ajiya, jerin da ba a adana ba ya tafi ke nan. Don cike wannan giɓi akwai tsohuwar dabarar da Gene Kim da Eugene Spafford suka gina Tripwire a kanta a Jami'ar Purdue ta Amurka a 1992, wato a ɗauki bayanin fayiloli yau a kwatanta da na gobe. Ko da umarnin dir /s /a da aka tura sakamakonsa cikin fayil ɗin rubutu, sannan aka kwatanta biyun da umarnin fc, yana yin wani ɓangare na wannan aiki. Faifan da aka tsara da NTFS kuma yana da nasa kundin canje-canje tun Windows 2000, wanda ake karantawa da fsutil usn, sai dai kilen da aka tsara da FAT32 ko exFAT ba shi da shi. Sannan manhajar kallo ce kawai, ba ta hana komai. Da cutar garkuwa da fayiloli irin WannaCry ta watan Mayun 2017 za ta shiga, abin da za a gani shi ne ana ta sauya takardu ana canza musu suna a jere, kuma abin da ya rage wa mai na'ura shi ne ya kashe ta nan take.

Idan an ga fayil ɗin da ba a gane ba, kada a yi gaggawar gogewa, musamman a cikin System32. A fara duba wurin da yake, domin svchost.exe na gaskiya yana zaune ne a System32 da SysWOW64, explorer.exe kuma a C:\Windows, don haka mai irin wannan suna a AppData ko Temp abin tuhuma ne. A duba bayanansa a ga ko yana da sa hannun kamfanin da ya yi shi. A fitar da lambar SHA256 ɗinsa, wadda take kamar zanen yatsan fayil, da umarnin certutil -hashfile, a nemi lambar a shafin VirusTotal, wanda ke nuna hukuncin manhajojin riga-kafi masu yawa. Neman lambar ya fi tura fayil ɗin kansa, domin ba ya cin intanet sosai kuma ba ya fitar da takardar kowa waje. Idan kuma fayil ɗin Windows na asali ne ake zargin an taɓa, umarnin sfc /scannow yana duba shi ya mayar da shi yadda yake.

Lokacin da canjin ya faru shi ma shaida ne. Tun 2003 Microsoft yake fitar da gyare-gyarensa na tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, saboda haka yawan motsi a foldojin System32 da WinSxS a kwanakin da suka biyo baya ba abin mamaki ba ne a na'urar da ke samun sabuntawa. Tallafin gama-gari na Windows 7 ya ƙare a ranar 14 ga Janairun 2020, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025 in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. A kan tsohuwar na'ura mai Windows 7, irin waɗanda har yanzu ake aiki da su a shagunan Zango da Sabon Gari, sabon exe ko dll ko sys a cikin System32 ba shi da uzurin sabuntawa, don haka tilas a iya danganta shi da wata manhaja ko wani direban na'ura da aka girka a ranar, in kuwa ba a iya ba, sai a cire na'urar daga layin aiki har a gano inda ya fito.